Saiti da ƙaramar bindiga: abin da ɗan koyo zai sani kafin yatsa ya hau kunama

A cikin bindigogin da jami'an tsaro ke ɗauka, babu wadda ta fi ƙaramar bindiga wuyar sha'ani wajen saiti. Ita ce ake kira fistol, ko kuwa libarba idan gidan harsashinta mai juyawa ne. Finafinai sun sa mutane ɗaukar cewa abin da ya shige tafin hannu ba zai yi gardama ba, alhali ƙanƙantar tata ce tushen wahalarta. Kurtun da ya saba sauke harsashi a tsakiyar allo da doguwar bindiga yakan sha mamaki ranar da aka miƙa masa fistol, ya ga ya kuskure allon baki ɗaya daga nisan da bai wuce faɗin titi ba.

Wa doka ta yarje wa?

A Najeriya wannan ilimi na masu kaki ne da 'yan wasan harbi. Dokar makamai ta 1959, wadda har yau ake aiki da ita, ta kasa bindigogi gida uku. Fistol da libarba suna rukunin farko, na makaman da aka haramta, tare da bindigogin yaƙi da gurneti. Ba a mallakarsu sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da su ba izini ba ya gaza ɗaurin shekara 10. Rukuni na biyu, wanda ya ƙunshi bindigar farauta ta zamani da bindigar iska, lasisinsa na hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda. Na uku shi ne na bindigogin gargajiya da ake ɗura wa albarushi ta baki, kuma sha'aninsu yana hannun Kwamishinan 'Yan Sanda na jiha. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi.

Saboda haka ɗan kasuwar da ke tunanin ajiye fistol a ƙarƙashin kanta domin tsoron 'yan fashi ya sani ƙofar kurkuku yake ƙwanƙwasawa. Waɗanda bayanin nan zai amfana kai tsaye su ne matasan da ake ɗauka aikin ɗan sanda, kwastan, shige da fice da Sibil Difens daga Haɗeja, Malam Madori, Kafin Hausa, Auyo da sauran garuruwan masarautar, waɗanda ake turawa horo a wurare irin su Kwalejin 'Yan Sanda ta Wudil da makarantar kwastan ta Goron Dutse a Kano. Sauran jama'a ma suna da ruwa da tsaki a ciki, domin su ne ke tsaye a kasuwa da tasha lokacin da jami'i ya zare bindiga.

Gadon maharba bai isa ba

Ƙasar Haɗeja ba baƙuwar harbi ba ce. Fadamun kogin, daga Auyo har zuwa Guri da dajin Baturiya a ƙaramar hukumar Kirikasamma, sun daɗe da maharba, kuma 'yan bindigar sarki suna nan suna tayar da hayaƙi a hawan Sallah. Garin ya kuma ɗanɗani bambancin makami da makami a watan Afrilun 1906, ranar da sojojin Ingila suka shigo da bindiga mai ruwa, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa.

Sai dai gwanintar maharbi ba ta bin ɗansa zuwa filin koyon fistol. Baushe doguwa ce, tana jingine a kafaɗa da kunci da hannu biyu, kuma ƙananan ƙarafan da take fesawa suna bazuwa, ta yadda ko saitin ya ɗan goce wani zai samu agwagwar. Fistol ba ta da majingina sai hannu, harsashinta ɗaya ne, kuma ba ta yafe kuskure. Dalili biyu ne suka sa haka, dukansu na lissafi.

Na farko tazarar da ke tsakanin alamomin saiti. A saman yawancin bindigogi akwai ɗan tsinke a gaba, kusa da baki, da kuma tsaga a baya. A kan fistol irin Glock 17 tazarar su biyun ba ta wuce santimita 16 da rabi ba, a kan AK-47 kuwa ta kusa santimita 38. Idan tsinken ya kauce daga tsakiyar tsagar da milimita 1 kacal, wato abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, harsashin fistol zai sauka kimanin santimita 15 daga inda aka nufa a nisan mita 25. Tsawon biro ke nan. Kuskure iri ɗaya a kan AK-47 bai kai santimita 7 ba.

Na biyu ya fi wannan muhimmanci. Glock 17 cike da harsashi ba ta kai kilo 1 ba, amma kunamarta tana buƙatar matsi na kimanin kilo 2 da rabi kafin ta tashi. Ta libarba takan ninka haka idan ba a ɗana ta ba tukuna. Ma'ana, yatsa ɗaya zai sa ƙarfin da ya fi nauyin bindigar sau biyu ko fiye, kuma ana so bindigar kada ta motsa. Duk wani horon fistol a kan wannan matsala yake kewayawa.

Ido a kan tsinke, ba a kan allo ba

Idon ɗan Adam ba ya iya ganin abu uku masu nisa daban-daban tar a lokaci guda. Ɗabi'a takan ja shi zuwa abin da ake son harba, amma malaman harbi suna koya wa ɗalibi ya ɗora ganinsa a kan tsinken gaba, ya bar allon ya yi dishi-dishi. Kan tsinken ya daidaita da saman tsagar, hasken da ke dama da hagunsa ya zama ɗaya. Wannan daidaito ya fi tsaida bindiga cak muhimmanci. Hannun kowa yana rawa, har na zakarun duniya, kuma idan tsinke da tsaga suna tare, rawar ba ta kai harsashi nesa.

Ya kamata ɗalibi ya san idon da ya fi rinjaye a gare shi tun ranar farko. Zai miƙa hannuwa, ya yi ɗan rami tsakanin tafukansa, ya hango wani abu mai nisa ta ciki da idanu biyu, sannan ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya. Idon da abin bai ɓace masa ba shi ne mai rinjaye. Akwai masu hannun dama da idon hagu ke rinjaya, kuma da yawansu sukan daɗe suna zargin bindiga kafin a gano.

Riƙo da tsayuwa ba su da sarƙaƙiya. Hannun harbi ya hau can sama a marikin, ɗaya hannun ya rufe gurbin da ya rage, ƙafafu su buɗe daidai faɗin kafaɗa, jiki ya ɗan rusuna gaba. Riƙo da hannu biyu, wanda yau ake gani kamar haka aka halicce shi, ya bazu ne bayan wani ɗan sandan Kalifoniya mai suna Jack Weaver ya riƙa cin gasa da shi a ƙarshen shekarun 1950. Numfashi kuma, a fitar da shi a ɗan dakata, a yi harbin cikin daƙiƙun nan kaɗan. Wanda ya daɗe yana riƙe da numfashi ganinsa zai dushe, gara ya sauke hannu ya sake.

Kunama da zabura

A nan yawancin 'yan koyo ke faɗuwa. Kunama ana matsa ta ne a hankali, kai tsaye zuwa baya, da tsokar gaɓar farko ta manuniya, ba tare da sauran yatsun sun taya ta matsewa ba. Ɗan koyo yakan jira har tsinken ya zo daidai tsakiyar allo, sai ya fizgi kunamar da sauri kada damar ta wuce. Fizgar nan ita ce ke kawar da bakin bindigar.

Ƙawarta kuma ita ce zabura. Ƙarar fistol tana kai wa kusan ma'aunin desibel 160, kuma tana tokarin hannu. Bayan harbi biyu ko uku jiki ya riga ya koyi abin da ke zuwa, sai ya danna bindigar ƙasa tun kafin ta tashi, ido ya ƙifta. Mai harbin ba ya sanin ya yi, domin ƙarar ta rufe komai. Allon ne ke tona asiri: mai hannun dama zai ga ramukansa sun taru ƙasa ta hagu, bahago kuma ƙasa ta dama. Malamai suna da dabarar nuna wa ɗalibi wannan da idonsa. Sukan cusa harsashin bogi a tsakanin na gaske ba tare da ya san gurbinsa ba. Idan kunama ta faɗa a kansa, ba ƙara ba hayaƙi, sai kowa ya ga bakin bindigar ya duƙa. Jarumta ba ta hana zabura, laya ma ba ta hana ta. Toshe kunne da kyau yana rage ta, kuma yana kare ji, wanda idan ya tafi ba ya dawowa.

Maganinta mafi araha shi ne atisaye da bindigar da ba harsashi, a ƙarƙashin idon malami, bayan an cire gidan harsashi an duba cikin bindigar sau biyu, an kuma fitar da harsasai daga ɗakin. Wasu sukan ɗora kwabo ko kwanson harsashi a kan bindigar. Idan kunama ta faɗa bai faɗo ba, yatsan ya fara hankali. Minti 10 kullum ya fi yini guda a wata. Wannan yana da muhimmanci a inda harsashin horo ke da tsada kuma ake ƙidaya shi.

Idan an je fili, a fara daga kusa, mita 3 zuwa 5, a yi harbi biyar a hankali ana nufin wuri ɗaya. Abin dubawa shi ne yadda ramukan suka haɗu. Biyar da suka taru a gefe sun fi biyar da suka watse ko da ɗaya ya dace da tsakiya, domin na farkon gyara ɗaya suke buƙata. Bayan kowane harbi a bar ido a kan tsinke har ya dawo mazauninsa. Ɗaga kai don leƙen allo yana ɓata harbin tun harsashi bai fita ba. Sai ramuka sun taru ake ƙara nisa, sauri kuma shi ne na ƙarshe.

Tarihin wasanni ya nuna iyakar abin da naci ke yi. Károly Takács, sojan Hangari, gurneti ya lalata masa hannun dama a 1938. Ya koma koyo da hagu, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 1948, ya maimaita a Helsinki a 1952. Yusuf Dikeç na Turkiyya, wanda hotonsa ya karaɗe wayoyi a 2024 yana harbi hannu ɗaya a aljihu, ya ci azurfa a Faris yana da shekara 51, kuma zuwansa Olamfik na biyar ke nan. A gasar Dikeç ta bindigar iska daga mita 10, da'irar tsakiya milimita 11 da rabi ce.

Inda harsashin da ya kuskure ke zuwa

Allon takarda ba ya motsi, ba ya ramawa. Wani bincike da cibiyar RAND ta fitar a 2008 kan 'yan sandan birnin New York ya gano cewa tsakanin 1998 da 2006, kashi 18 cikin 100 ne kawai na harsasan da suka harba a musayar wuta suka samu wanda aka nufa, kashi 30 kuma idan ba a rama ba. Waɗannan jami'ai ne da ake sake gwada harbinsu a kai a kai. Ragowar harsasan ba sa narkewa a iska. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma jami'in da bai ƙware a fili ba tashin hankali ba zai ƙara masa gwaninta ba. Umarnin rundunar 'yan sanda mai lamba 237, wanda aka sabunta a 2019, ya taƙaita harbi ga halin da rai ke cikin haɗari na nan take ko ake fuskantar mummunan rauni.

Ƙa'idoji huɗu da Jeff Cooper, tsohon hafsan sojan Amurka, ya yaɗa sun zama ruwan dare a filayen horo: a ɗauki kowace bindiga tana da harsashi, kada bakinta ya kalli abin da ba a yi niyyar hallakawa ba, yatsa ya zauna a wajen kunama har sai an gama saiti, kuma a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Yawancin abin da jaridu ke kira harbin kuskure a shingayen hanya karya ta biyu da ta uku ne a lokaci guda.

Ta huɗun ce ta fi shafar ƙasar Haɗeja. Harsashin fistol mai milimita 9 yana fita da gudun da ya haura mita 350 a daƙiƙa, kuma idan an ɗaga bakin bindiga yana iya cin kusan kilomita 2. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba duwatsun da za su tare shi. Ruwa ma ba ya haɗiye shi yadda ake zato. Idan ya sauka a karkace yakan yi tsalle kamar tsakuwar da yaro ya wurga, ya canza hanya. Kacalar da ta cika fadamu tana ɓoye masunci a kwalekwalensa, da manomin shinkafa, da makiyayi, amma ba ta tsaida harsashi. A cikin gari kuwa, ƙyauren langa-langa da zana da jikin mota duk yana ratsa su. Shi ya sa ba a gwajin harbi a bakin kogi ko a bayan gari don kawai ba a hango kowa ba. Filin horo na ƙwarai yana da tudun ƙasa mai tsayi da kauri a bayan allunan, wanda aka tsince duwatsu da ƙarafa daga cikinsa, da jan tuta da ke gargaɗin masu wucewa, da jami'i guda wanda idan ya ce a tsaya kowa ke sauke hannu.