Ƙaramin jirgi, tsohon rediyo: tarihin linzamin da ba a gani

Duk wanda ya san Wagadugu kafin shekarar 2003 ya san Zangon Hausawa, wanda takardun hukuma ke kira Zangouettin, maƙwabcin filin jirgin sama ne. Yawancin birane sukan kai filin jirginsu can bayan gari, amma na Wagadugu gari ne ya kewaye shi, har mutum yana iya takowa da ƙafa daga kasuwar Rood Woko zuwa ƙofarsa. Jikokin fataken da suka bi hanyar Gwanja da jakuna, suna kai kanwa da tufafin rini suna komowa da goro daga Salaga, sun tashi da rugugin injin jirgi a kunne. Yaron da ya girma a irin wannan wuri dole hannunsa ya yi ƙaiƙayin ƙera jirgi, ko da kara, ko da waya, ko da gwangwanin madara. Har gobe masu sana'ar hannu na birnin suna sayar wa baƙi jirage da babura na gwangwani, aiki mai tsabta wanda ba a koyar da shi a kowace makaranta.

Sai dai jirgin gwangwani ba ya rabuwa da hannun mai shi. Abin da ya ɗauki masu ƙira shekaru suna fama da shi shi ne yadda za a saki ƙaramin jirgi ya tashi, kuma ya riƙa jin umarnin wanda ke tsaye a ƙasa.

A 1898 Nikola Tesla ya tara jama'a a birnin New York ya nuna musu ɗan kwale-kwale da yake juyawa a cikin ruwa ba tare da waya ko igiya ba. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Archibald Low ya gwada wa sojojin Ingila jirgi marar matuƙi, wanda bai daɗe a sama ba. Duk wannan ya faru tun kafin Kano ta ga jirgi da idonta, domin sai ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila, ƙarƙashin jagorancin Arthur Coningham, suka sauka a Kano bayan sun taso daga Masar, a zamanin Sarki Usman. Shekara goma bayan haka Ingila ta fitar da Queen Bee, jirgin da ake turawa sama da rediyo don masu igwa su koyi saiti a kansa. Ban da na Tesla, waɗannan duk aikin gwamnati ne da kuɗin gwamnati.

Inda labarin ya fi jan hankalina shi ne garin Kalamazoo na jihar Michigan a Amurka, wajen wasu tagwaye, Walter da William Good, waɗanda aka haifa a 1916. Walter mayen ƙera ƙananan jirage ne da katakon balsa marar nauyi. William kuma rediyo ne abin ƙaunarsa, yana da lasisin aika saƙo. Suna ɗalibai suka haɗa basirar biyu, a 1937 suka fara tayar da jirgi mai bin umarnin rediyo. Jirgin nasu, Guff, faɗin fikafikansa ƙafa 8 ne, ya ci gasar ƙasa a 1939 da 1940 da 1947, kuma yanzu yana ajiye a gidan tarihin jiragen sama na Smithsonian a Washington. Ba kanti suka je suka sayo kayan ba, don babu kantin da ke sayar da su a lokacin. Da hannunsu suka naɗa waya, suka liƙa dalma, suka rage wa kowane ƙarfe nauyi.

Ya kamata mai karatu ya san yadda kayan wancan zamani suke aiki, don a nan daɗin abin yake. Na'urar aika umarni akwati ne mai nauyi da ake girkewa a ƙasa, da doguwar eriya, da manyan batura, da kwalaben bawul irin na tsohon rediyo waɗanda sai sun yi zafi suke aiki. Daga akwatin waya ta fito zuwa hannun matuƙi, a bakinta maɓalli ɗaya tak. A cikin jirgin akwai ƙaramin rediyo mai karɓa, da ɗan maganaɗisu, da zaren roba da aka murɗa tamau tun daga ciki har wutsiya. Idan matuƙi ya danna, maganaɗisun ya ja wani ɗan ƙarfe, robar ta sami damar warwarewa rubu'in juyi, linzamin wutsiya ya karkata dama. Ya saki, ya dawo tsakiya. Ya sake dannawa, ya karkata hagu. Ke nan wanda ya juya dama, kuma yana son ya ƙara juyawa dama, sai ya bi ta hagu da sauri tukuna. In ya manta ɓangaren da ya bi na ƙarshe, jirgi ya nufi inda ba a aike shi ba. In ya manta bai murɗa robar ba kafin tashi, to sai dai ya bi abinsa da ido. Daga baya aka ƙera wadda dannawa ɗaya dama ce, biyu hagu, aka ɗan huta.

Babu hanyar ɗaga hanci ko sauke shi, sau da yawa babu ta rage wutar inji. Mai son jirginsa ya yi alkafura sai ya riƙe linzami gefe guda har jirgin ya sulalo yana juyi ya tara gudu, sannan ya saki, gudun ya ɗaga shi sama. Ana tashi har mai ya ƙare, sannan a lallaɓo shi ƙasa da iska kawai. Wanda ya iya wannan ya san iska, ya san nauyi, ya san halin jirginsa ciki da bai, kuma a ganina ilimi ne na gaske ko da an kira shi wasa.

Da farko a Amurka sai mai lasisin rediyo, wanda ya ci jarrabawa, ke da izinin taɓa wannan abu. A 1952 hukuma ta buɗe mita 27.255 megahaz ga kowa ba tare da jarrabawa ba, sai masu sha'awa suka yi ta ƙaruwa. Yawan nasu ya kawo sabuwar matsala. Mita ɗaya mutum ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kamar guga ɗaya a bakin rijiya: sai mai ja ya gama. Idan wani ya kunna akwatinsa a kan mitar da wani ke tashi da ita, jirgin da ke sama ya rikice ya faɗo, aikin watanni ya zama itacen hura wuta. Don haka ƙungiyoyi suka kafa doka a filayensu. Ana kafa allo, kowace mita da ɗan maƙalinta na katako irin na shanyar tufafi, ba mai kunna rediyo sai maƙalin yana hannunsa. A kan eriya kuma ana ɗaura ƙyalle mai launi, ja ko rawaya ko kore ko shuɗi, don kowa ya san mitar ɗan'uwansa daga nesa. Ɗan ƙaramin kiristal da ake cusawa a jikin rediyon shi ke tsayar da mitar, mai son canzawa sai ya zare ya sa wani.

Tiransista, wadda aka ƙirƙira a 1947, ita ta sauke wa kowa nauyi. Akwati ya tashi daga ƙasa ya koma hannu. A shekarun 1960 aka sami rediyo mai sanda, wanda gwargwadon yadda ka tura sandar gwargwadon yadda linzami zai karkata, kamfanoni irin su Kraft da Orbit a Amurka da Futaba a Japan suka yi suna da shi. Tiransistar nan dai ita ce ta sa rediyo ya shiga kowane zaure a ƙasar Hausa da zangunan kurmi da na ƙasar Mosi, bayan Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri a 1957. Tare da rediyon aka sami mai gyaransa: mutumin rumfa, da ƙarfen dalma a kan garwashi ko lantarki, da tarin matattun akwatuna a bayansa yana ciro wa masu rai kayan gyara. Wannan mutum da William Good sana'arsu ɗaya. Abin da ya raba su shi ne William yana da ɗan'uwa mai ƙera jirgi, da fili, da ƙungiya mai shirya gasa duk shekara, da mujallun da ke buga zanen kowace sabuwar dabara don wani ya kwaikwaya.

Wajen 2005 kamfanin Spektrum ya kawo rediyon jirgi mai aiki a kan gigahaz 2.4, wanda ke neman wa kansa gurbi ba ya karo da na kowa. Allo da maƙali da ƙyalle suka zama tarihi cikin 'yan shekaru. Babu mai musun cewa sabon ya fi aminci. Amma in ya mutu ba a gyara shi, sai a sayi wani, don duk hikimarsa tana cikin ƙwayar da ba ta buɗuwa. Shi ya sa har yanzu akwai masu riƙe da tsohon, kamar ƙungiyar Vintage Radio Control Society ta Amurka, masu tayar da jirage irin na da. Wasu suna farfaɗo da kayan kamar yadda suke. Wasu kuma sukan bar akwatin da maɓallinsa ɗaya, su sa masa sabon ciki, don hannu ya sha irin wahalar dā ba tare da jirgi ya halaka ba. Ni ina tare da masu farfaɗowa, domin tsohon rediyo ana buɗe shi a bi wayarsa da yatsa daga batir har eriya, yaro ya ga inda umarni ya shiga da inda ya fita. Makaranta ce a cikin akwati.

A watan Agustan 2003 wani dattijo Ba'amurke mai shekara 77, Maynard Hill, wanda idonsa ya kusa rufewa kunnensa kuma ya yi nauyi, ya saki jirgin balsa da bai kai kilo 5 ba daga tsibirin Newfoundland na Kanada. An ɗaga shi da rediyon hannu, na'urar da ke cikinsa ta karɓi tuƙi tana bin tauraron ɗan'adam, bayan awa 38 da minti 52 ya iso gaɓar Ireland, tafiyar kimanin kilomita 3,000, da man da bai cika galan ɗaya ba. A wannan shekarar ce katafila ta shiga Zangouettin da unguwannin da ke maƙwabtaka da ita, irin su Koulouba da Tiedpalogo da Peuloghin, a ƙarƙashin shirin ZACA na mayar da tsakiyar Wagadugu cibiyar kasuwanci da ofisoshi. Mutane fiye da dubu goma suka tashi, aka ba su filaye a gefen gari, wajen Ouaga 2000 da Nioko. Ana yawan lissafa gidaje da masallatai da aka rasa, kuma daidai ne. Ba a cika lissafa rumfunan masu gyara ba, da yadda maƙeri da mai walda da mai rediyo suke zaune kusa da juna, yaro yana fita daga wannan ya shiga wancan. Irin wannan maƙwabtaka ba a raba ta da fuloti, kuma filin da aka share ya yi shekaru yawancinsa fayau.

Basirar dai ba ta mutu a ƙasar Hausa ba. A 2007 duniya ta ji labarin Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin fiziks a Jami'ar Bayero ta Kano, wanda ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin tsohuwar mota Honda da tarkacen ƙarafa, da kuɗin da yake samu daga gyaran kwamfuta da wayar hannu. Jirgin ya ɗaga 'yan ƙafafu daga ƙasa. A Kaduna, sojan saman Nijeriya sun nuna jirginsu marar matuƙi mai suna Gulma a Disambar 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018.

Sai dai yadda yawancin mutanenmu suka fara sanin jirgi marar matuƙi ba ta hanyar wasa ba ce. Tun asali abin yana da fuska biyu. Reginald Denny, ɗan wasan fim da ya buɗe kantin ƙananan jirage a Hollywood, shi ne ya kafa kamfanin Radioplane da ya ƙera wa sojan Amurka jirage kusan 15,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, Walter Good kansa ya yi aikin makamai a wancan yaƙi. Yau Burkina Faso da Mali da Nijar da Nijeriya duk sun sayi Bayraktar TB2 daga Turkiyya. Mutanen Tudun Biri a jihar Kaduna ba za su manta daren 3 ga Disamba 2023 ba, lokacin da jirgin soja marar matuƙi ya saki bam a kan masu Mauludi, mutum fiye da 80 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Masu ɗauke da makamai a Sahel su ma sun koyi ɗaura abin fashewa a ƙananan jiragen kasuwa.

Saboda haka hukuma tana da hujjar tsoro, kuma doka ta tsananta. Tun 2016 Nijeriya ta hana tayar da jirgi marar matuƙi sai da izinin hukumar kula da sufurin sama da ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, a Burkina Faso ma sai da izinin hukumar sufurin sama ta ANAC. Matashin da ya ƙera jirgin kumfa da injin batir a Kano ko Maraɗi ko Wagadugu yana iya samun kansa a ofishin 'yan sanda kafin ya sami mai duba masa daidaiton fiffike. Ƙasashen da suka daɗe da wannan harka sun warware matsalar da abu mai sauƙi: fili sananne nesa da filin jirgi da barikin soja, ƙungiya mai rajista da sunan kowane memba, da iyakar tsawon da ba a wucewa, wanda a Turai mita 120 ne. Makarantun koyon sana'a na Wagadugu da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya, wadda take nan tun 1964, suna da fili da malaman da za su iya ɗaukar nauyin irin wannan ƙungiya.