Daga Lalas Zuwa Rajista: Tarihin Tambarin Haja a Nijeriya



Tun kafin zuwan Turawa Bahaushe ya san shaida. Makiyayi yakan yi wa dabbarsa lalas ko ya tsaga mata kunne don kada ta ɓace cikin garken wani, baduku da masaƙi kuwa da hannunsu ake gane aikinsu. Abin da ke tsaron wannan shaida shi ne sanayya. Har yau, idan gardama ta tashi a kasuwar Dutsin-Ma ko ta Kurfi, sarkin kasuwa da dillalai sun san mai kaya, sun san mahaifinsa, nan take a kashe magana.

Sanayya ta fara gazawa ne sa'ad da hajar ƙasashen Turai ta shigo, wadda ba wanda ya taɓa ganin mai yin ta. Sai masu saye suka koma dogara ga hoton da ke jikin kaya, shi ya sa aka riƙa cewa taba mai zobe ko sabulu mai makulli. Wannan hoto ko suna shi ne tambarin haja. Da yake yana jawo ciniki, ba a rasa masu kwaikwayonsa ba.

A Ingila aka kafa dokar rajistar tambari a 1875, tambarin farko da ya shiga littafi kuma shi ne jar alama mai kusurwa uku ta kamfanin Bass, a 1876. Dokar farko a ƙasar nan ta fito a 1900, amma Kudu kaɗai ta shafa, sai a 1914 da aka haɗe Kudu da Arewa ta game ƙasa duka. Wadda ake aiki da ita yanzu ita ce ta 1965, wadda aka tsara bisa dokar Ingila ta 1938, ta fara aiki a 1967. An yi mata gyara a 2023, wanda ya tabbatar da cewa masu hidima, kamar masu sufuri da masu otal, su ma suna iya rajistar tambarinsu.

Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari. Mai nema zai faɗi rukunin hajarsa cikin rukuni 45, a bincika ko wani ya riga shi. In an karɓa, sai a buga tambarin a mujallar ofishin, a bai wa mai ja wata 2 ya kawo hujjarsa. Idan ba a sami mai ja ba, sai a ba da takardar shaida ta shekara 7, wadda ake sabuntawa duk shekara 14. Tambarin da aka bari shekara 5 ba a yi amfani da shi ba ana iya neman a soke shi. Ƙarar satar tambari kuma Babbar Kotun Tarayya ake kai ta.

Doka ba ta yar da wanda bai yi rajista ba. Alal misali, a 1961 kamfanin Niger Chemists ya ci nasara a kan wasu da suka buɗe kantin magani a Anacha da sunan Nigeria Chemists, saboda kotu ta ga sunan zai ruɗi masu saye. Sai dai mai irin wannan ƙara dole ya kawo shaidun cewa jama'a sun san shi da sunan, alhali mai rajista takardarsa ce babbar hujjarsa.

A nan ne maganar ta shafi mai gidan burodi a Dutsin-Ma da mai matsar man gyaɗa a Kurfi. Da yawa sukan ɗauka cewa takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni ko lambar NAFDAC ta mallaka musu sunan hajarsu. Ta farko sunan kasuwanci ta rubuta, ta biyu kuma ingancin abinci da magani take dubawa. Mutum yana iya shekara 20 yana gina suna, wani ya riga shi zuwa Abuja, ya bar shi da wahalar tabbatar da cewa shi ya fara.

Bugu da ƙari, rajistar Nijeriya iyakarta Nijeriya. Wanda hajarsa ke ƙetare Jibiya zuwa Maraɗi sai ya nemi wata rajistar a hukumar OAPI da ke Yawunde, wadda Jumhuriyar Nijar ke ciki bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977.

Saboda haka ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, su haɗa hannu su bayyana wa masu sana'a wannan doka da Hausa, su kuma taimaka musu wajen cike takardun tun sunayensu ba su faɗa hannun wasu ba.