Mitokondiriya da Garkuwar Jiki: Tsohon Baƙo a Rikicin Cikin Gida

A makaranta abu ɗaya ake koya wa ɗalibi game da mitokondiriya: ita ce ke ƙona abincin da muka ci da iskar da muka shaƙa, ta samar wa ƙwayar jiki ƙarfi. Gaskiya ne. Amma wanda ya tsaya nan ba zai gane abin da ya kawo sunanta cikin binciken lufus, da ciwon hanta, da kumburin da ke bin mummunan rauni ba. Sai an koma ga asalinta.

A 1967 Lynn Margulis ta kafa hujjar cewa mitokondiriya a da bakteriya ce mai zaman kanta, wata ƙwaya ta haɗiye ta fiye da shekara biliyan ɗaya da suka wuce, zama ya ɗore. Mujallu da dama sun ƙi buga aikin. Yau ba mai gardama a kai. Tana da DNA nata na kanta, a zagaye kamar na bakteriya, wanda aka karance a Kambirij a 1981: harufa 16,569, kuma ta wajen uwa ake gadonsa. Furotin ɗin da take ƙerawa suna farawa da alamar formil, irin ta bakteriya. A tantaninta na ciki akwai wani kitse, kardiyolifin, shi ma na bakteriya ne. Baƙo ne da ya daɗe har ya zama ɗan gida, amma tsagen fuskarsa bai goge ba.

To, waɗannan alamomin ne garkuwar jiki ke farauta. Muddin suna kulle cikin tantani biyu na mitokondiriya, lafiya lau. Da sun zubo, sai fararen ƙwayoyin jini su ɗauka bakteriya ce ta shigo. A 2010 Carl Hauser da abokan aikinsa a Boston suka nuna cewa jinin mutanen da suka ji mugun rauni cike yake da ɓaraguzan mitokondiriya, kuma da aka zuba irinsu a jinin ɓera sai huhunsa ya kumbura. Wannan ya ba da haske kan abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai: majinyacin haɗarin mota da zazzaɓi da kumburi kamar mai guba a jini, a yi ta gwaji ba a ga ƙwayar cuta ko ɗaya ba.

Kada a ɗauka illa kaɗai ce. A 2005 aka gano furotin ɗin MAVS, wanda ke zaune a bayan mitokondiriya. Idan bairos ya shiga ƙwaya, ta kansa ake ba da umarnin fitar da intaferon, sinadarin da ke gargaɗin maƙwabta. Bairos ɗin ciwon hanta nau'in C yana da almakashin da yake datse MAVS daga mazauninsa, gargaɗin ya mutu. A 2013 kuma Zhijian Chen, a Dallas, ya gano cGAS, mai jin duk DNA da ya fito sarari a cikin ƙwaya. Ba ya tambayar na wane ne. Na bairos ko na mitokondiriyar da ta tsage, intaferon zai kira.

A lufus ne wannan ya fi fitowa fili. Cuta ce da garkuwa ke far wa fata da gaɓɓai da ƙoda; tara cikin goma na masu ita mata ne, kuma ta fi tsanani ga mata masu asalin Afirka. An daɗe da sanin cewa intaferon ya yi wa jininsu yawa, abin da ya rage shi ne gano mai hura wutar. A 2016 ɗakunan bincike biyu a Amurka, na Mariana Kaplan da na Virginia Pascual, suka nuna cewa fararen ƙwayoyin jinin masu lufus suna amayar da DNA na mitokondiriya wanda iskar oksijin ta lalata, kuma irin wannan ya fi lafiyayye tsokanar intaferon. A 2021 ɓangaren Pascual ya ƙara da abin da ya fi ba ni mamaki. Jar ƙwayar jini tana zubar da mitokondiriyarta duka kafin ta balaga. A wasu yara masu lufus ba ta zubarwa. Da makurofaj, mai kwashe tsofaffin ƙwayoyi, ya haɗiye ta, sai cGAS ɗinsa ya farka. An ga irin wannan riƙo a jinin masu sikila ma, abin da ya kamata masu bincike a Najeriya, ƙasar da ta fi kowace yawan masu cutar, su sa wa ido.

A ganina wannan ya sauya inda ake ɗora laifi. A nan garkuwa ba haukacewa ta yi ba, aikinta take yi daidai. Kwashe shara ne ya gaza. Ko gwajin VDRL na tunjere da ake yi wa mata a awon ciki, kardiyolifin ne a cikinsa, shi ya sa wani lokaci yake nuna mai lufus tana da tunjere alhali ba ta da shi. Wasu daga antibodin da garkuwarta ke ƙerawa kan kardiyolifin suna tare da daskarewar jini da yawan ɓari.

Sai dai masu son mayar da mitokondiriya uwar kowace cuta suna da tambayar da ba su amsa ba. Akwai ciwon hanta da ake kira PBC, wanda tun 1965 aka gano a Landan cewa jinin masu shi yana ɗauke da antibodi masu kai wa mitokondiriya hari, kusan kashi 90 zuwa 95 cikin ɗari na majinyata. Furotin ɗin da suke hari yana cikin zuciya da tsoka da ƙwaƙwalwa, amma ƙananan hanyoyin maɗaciya ne ke lalacewa, kuma yawan antibodin ba ya nuna tsananin ciwon. Wato ganin hannun mitokondiriya a wuri bai isa hujjar cewa ita ta fara ba.

Magani ma haka yake nunawa. Anifrolumab, da Amurka ta amince da shi don lufus a 2021, kunnen da ke jin intaferon yake toshewa, bai taɓa mitokondiriya ba. Metformin, maganin ciwon suga mai araha da ke rage gudun aikinta, an gwada shi kan masu lufus a Sin, aka fitar da sakamako a 2020: an ga alamar raguwar tashin ciwon, amma mahalarta sun yi kaɗan, bambancin bai kai a kafa hukunci a kansa ba.