Cinikin tsofaffin kayan azurfa ta waya a Gazawa, Agye da Gidan Rumji

Zobe, mundaye, sarƙa da ƴan kunne na azurfa, musamman masu dutse, suna cikin kadarar da mata suka daɗe suna ajiyewa a jahar Maraɗi. Ana samun su ta gado ko a kayan aure, a sayar idan rashin lafiya ko ƙarancin cimaka ya matsa kafin kaka. A da dillaliya ce ke yawo da su gida gida. Yau hoton ne ke yawo a WhatsApp da Facebook, a tura kuɗi ta Nita, Amana ko Airtel Money, a ba direba saƙo a tasha. Gidan Rumji, Maraɗi, Agye da Gazawa duk suna kan babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, saboda haka kaya kan iya isa a yini guda.

Matsalar ita ce hoto ba ya nuna nauyin azurfa, balle tsabtarta, alhali su ne ke yanke farashi.

Yawancin tsofaffin kayan da maƙeran fari na Hausa da na Buzaye suka ƙera ba su da tambari, domin tsabar kuɗi suke narkawa. Ɗaya ita ce dalar Mariya Tereza ta ƙasar Ostiriya, mai ɗauke da shekarar 1780, nauyinta giram 28, azurfar cikinta kashi 833 cikin 1000. Ɗayar kuma tsohuwar faran biyar ta Faransa, giram 25, kashi 900 cikin 1000. Maƙeri kan ƙara jan ƙarfe don aikin ya yi ƙwari, don haka munduwar kaka tana iya zama azurfa ta gaske ba tare da ta kai ma'aunin kasuwar duniya ba. Wannan ma'auni shi ne 925, lambar da ake bugawa a cikin zobe. Kayan Faransa kuwa suna ɗauke da ɗan hatimin kan Minerva, wanda aka soma amfani da shi a 1838. Sai dai buga lamba ba wuya, kuma akwai wani farin ƙarfe, haɗin jan ƙarfe da nikel da zinki, da ake kira azurfar Jamus alhali ko ƙwayar azurfa babu a cikinsa. Maganaɗisu ba ya kama azurfa, amma ba ya kama wannan haɗin ma, don haka gwajin nan da ake yawan nunawa a bidiyo ba hujja ba ce. Gwajin da ke raba gardama shi ne na maƙeri: ya ɗan goge wurin da ba a gani, ya ɗiga asid, ya duba launi.

Dutsen ma haka. Talhatana da jan dutsen zobe, idan na asali ne, aƙiƙ ne, wanda aka daɗe ana kawowa daga Kambai ta Indiya, sannan daga garin Idar-Oberstein na Jamus tun ƙarni na 19. Tun zamanin ne kuma ake shigo da kwaikwayonsa na gilashi daga Turai, ke nan tsufan abu bai tabbatar da ingancinsa ba. Aƙiƙ na iya karce gilashi, shi kuwa gilashi sau da yawa ana ganin ƴan kumfa a cikinsa idan an ɗaga shi a rana. Murjani na roba ba shi da nauyi a hannu.

Wajen lissafi, ana cire nauyin dutse tukuna. Alal misali, munduwa mai giram 40 da dutsenta ya ci giram 10, in tsabtarta 800 ce, azurfa zalla giram 24 ke cikinta. Farashin duniya ana faɗinsa ne da dalar Amurka kan kowace oza, wato giram 31.1. A nan ne mai sayarwa ta fi cutuwa, don wadda ba ta auna kayanta ba sai ta karɓi abin da aka taya. Tsohon aikin hannu mai kyau kuma yakan fi kuɗin nauyinsa a wajen masu tara kayan tarihi, saboda haka narka shi asara ce.

Akwai kuma batun addini da masu ciniki ta waya kan manta. A fiƙihu, musayar azurfa da azurfa sai nauyi ya yi daidai, kuma hannu da hannu. Malamai da yawa na wannan zamani sun ɗora kuɗin takarda kan wannan hukunci na karɓa nan take, abin da ke sa tura kuɗi yau a karɓi kaya jibi ya zama abin tambaya. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce mai saye ya wakilta wani amintacce a garin mai kayan, su haɗu a maƙera, a auna, a gwada, a tura kuɗin a wurin, wakili ya karɓi kayan.