Kisan Whitechapel Da Abin Da Jaridu Suka Yi

Ya ku 'yan makaranta, tun da Allah ya ba ku sanin karatu, ya kamata ku san yadda ake auna abin da aka buga. Ga wani labari na ƙasar Ingila da zai koya muku wannan.

A gabashin birnin Landan akwai wata unguwa ta matalauta, ana ce da ita Whitechapel. Cikin shekarar 1888 wani azzalumi ya riƙa bin mata da wuƙa a can cikin dare. Ran 31 ga Agusta aka tsinci gawar Mary Ann Nichols, ran 8 ga Satumba ta Annie Chapman. Ran 30 ga Satumba aka kashe biyu a dare ɗaya, watau Elizabeth Stride da Catherine Eddowes, kana Mary Jane Kelly ran 9 ga Nuwamba. 'Yan sanda suka tambayi mutum fiye da 2,000, amma har yau ba a tabbatar da wanda ya yi wannan ta'asa ba.

To, a zamanin nan jarida ta yi araha, don an soke harajin hatiminta tun 1855, kuma dokar ilmi ta 1870 ta yawaita masu karatu. Wata jarida mai suna The Star, wadda aka fara cikin shekarar kisan, sisin kwabo ake sayar da ita. Da ta ga labarin na ja mata kasuwa, sai ta dinga kururuta shi, ta ce ana zargin wani mai ɗaura warkin fata. Nan da nan jama'a suka ɗora wa wani Bayahude baduku, John Pizer. Aka kama shi ran 10 ga Satumba, sai ga shaida cewa a daren kisan farko yana wani wuri, yana kallon gobara tare da wani ɗan sanda. Aka sake shi, amma magana zarar bunu ce, sunansa ya riga ya ɓaci.

Ran 27 ga Satumba kuma wata wasiƙa mai jan tawada ta iso ofishin dillancin labarai na Central News, mai ita ya sa hannu da sunan Jack the Ripper. 'Yan sanda suka buga hotonta ko wani zai gane rubutun, jaridu suka yaɗa. Maimakon a sami mai laifi, sai wasiƙun ƙarya ɗaruruwa suka yi ta kwararowa, aiki ya rikice. Cikin 1910 Sir Robert Anderson, shugaban masu binciken a lokacin, ya rubuta cewa wani ɗan jarida ne ya ƙaga wasiƙar nan.

Kada mu hana jaridun hakkinsu. Su ne suka tona wa manyan Ingila irin cunkoso da duhu da yunwar da ke unguwar, har Sarauniya Biktoriya ta nemi a sa fitilu a lungunan.

Saboda haka, in labari ya zo muku, ko a takarda ko a bakin masu awon hatsi a kasuwar Bakori ko ta Funtuwa, ku tambaya: wa ya gani da idonsa, wa kuma zai ci riba in an yarda? Bugu ba ya mai da ƙarya gaskiya. Allah ya kiyashe mu da ɗora wa marar laifi laifi, amin.