Lalatattun gurabe a faifan tsohuwar kwamfuta: dalilai da matakan gyara

Faifan ajiya na kwamfuta a rarrabe yake zuwa ƙananan gurabe, kowanne yana ɗaukar bayit 512 a tsofaffin faifai. Idan kwamfuta ta kasa karanta wani gurbi ko yin rubutu a cikinsa, ya lalace ke nan. Alamunsa su ne fayil ya ƙi buɗewa, na'ura ta riƙa daskarewa, ko fomatin ya tsaya a tsakiya.

Lalacewar iri biyu ce. Ta farko rubutun kawai ta shafa, kuma sau da yawa ɗaukewar wutar lantarki ana cikin ajiye bayani ke jawo ta. Wannan tana gyaruwa. Ta biyu rauni ne a jikin faifan, sakamakon faɗuwa, zafi ko tsufa, kuma babu manhajar da ke warkar da shi.

Kafin komai, a kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa wani faifan, domin bincike yana ƙara galabaita faifai mai rauni, fomatin kuma yana goge abin da ke ciki. Daga nan sai a yi amfani da umarnin chkdsk /r, ko ScanDisk a Windows 95 da 98. Sukan ceto abin da ke karantuwa, su yi wa lalatattun gurabe alama don a daina ajiya a cikinsu. Fomatin na gaggawa ba ya duba gurabe. Cikakken ne ke dubawa.

Idan lalatattun gurabe suna ƙaruwa bayan gyara, ko faifan yana ƙarar ƙwas-ƙwas, ƙarshensa ya kusa. Sai a sauya shi tun bayanai ba su salwanta ba.