Masu sinimar Danmak da suka ɗaure hannunsu da kansu

Mai karatu, ka taɓa jin labarin mai sana'ar da ke da kayan aiki cike da ɗaki, amma ya rantse ba zai taɓa su ba? Abin da wasu masu shirya fim na ƙasar Danmak suka yi ke nan. Danmak ƙaramar ƙasa ce a arewacin Turai, tana iyaka da Jamus.

A shekarar 1995 sinima ta cika shekara 100. Aka kira taro a birnin Pari, a gidan wasa na Odéon, ran 20 ga watan Maris. Nan wani mutumin Danmak mai suna Lars von Trier ya miƙe, ya karanta wata sanarwa, ya watsa wa jama'a jajayen takardu. Shi da abokinsa Thomas Vinterberg suka rubuta ta, suka sa mata suna Dogme 95, watau aƙidar 95. Daga baya Søren Kragh-Jacobsen da Kristian Levring suka shigo, suka zama huɗu. Kukansu shi ne, kuɗi da dabarun na'ura sun cinye sinima, har labari da ƴan wasa sun koma baya.

Sai suka kafa wa kansu dokoki goma. Ka lura, ba gwamnati ce ta ɗora musu ba. Suka ce ba za su gina gidan ƙarya don ɗaukar fim ba, sai dai su je inda abin yake. In labari na son wani kaya, a nemi wurin da kayan ke ajiye tun da can. Kamara a hannu za a riƙe ta. Ba a kawo manyan fitilu. Ba a ƙara kiɗa daga baya, sai wanda aka buga a wurin, kamara na ji. Ba kisan kai ko bindiga don burge masu kallo, kuma labari ya zama na nan da yanzu. Ta ƙarshe ita ce mai ban mamaki: ba a rubuta sunan wanda ya shirya fim ɗin.

To, mene ne ribar wannan ɗauri? Mu duba fim na farko, Festen, watau biki, wanda Vinterberg ya fitar a 1998. Wani attajiri ne ya tara dangi don cikarsa shekara 60. Ana cikin cin abinci, sai babban ɗansa ya tashi ya tona mugun abin da uban ya yi masa shi da ƴar uwarsa suna yara. Dangi suka yi kamar ba su ji ba, suka ci gaba da biki. Da ƴar ƙaramar kamarar bidiyo Anthony Dod Mantle ya ɗauki fim ɗin. Da yake ba fitilun da za a gyara, ƴan wasa ba su zaman jira, ba su tsayawa a kan alamar da aka zana musu a ƙasa. Su ke tafiya, kamara na bin su. Da yake kuma ba kiɗan da zai gaya maka ga inda za ka yi kuka, dole fuskar ɗan wasa da muryarsa su yi aikin duka. Mai kallo sai ya ji kamar yana zaune cikin baƙin, kunya ta kama shi tare da su. A shekarar nan fim ɗin ya samu kyautar alƙalai a bikin sinima na Kan. Wasu biyu suka biyo sawu da kyauta a Barlin: na Kragh-Jacobsen a 1999, da na wata mace, Lone Scherfig, a 2001, wanda shi na ban dariya ne.

Amma kada ka ɗauka abin duk gaskiya ce tsantsa. A ganina, dokar ɓoye suna wasa ce kawai, don ba wanda bai san mai Festen ba. Vinterberg da bakinsa ya faɗa cewa ya rufe wata taga da ƙyalle don ya gyara haske. An yi fina-finai fiye da 30 bisa dokokin a ƙasashe daban-daban, mafi yawansu an manta da su. A 2002 aka rufe ofishin da ke kula da al'amarin, domin dokar da aka kafa don a kauce wa kwaikwayo ita ma ta zama abin kwaikwayo.

Mu a Nijar wani ɓangaren wannan ba baƙo ba ne. Lokacin da Jean Rouch ya bi kogin Kwara cikin kwalekwale a 1946 zuwa 1947, ƙafafun da ake ɗora kamara suka salwanta, dole ya ɗauki hoto da hannu. Bai bar wannan hanya ba. Ita ya bi a Abijan ya yi Moi, un noir na 1958 tare da Oumarou Ganda, fim ɗin da matasan masu sinima na Faransa suka yaba ƙwarai. A 1974 kuma shi da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia suka yi Cocorico Monsieur Poulet da wata tsohuwar mota, suna ƙirƙirar labari a kan hanya. Bambancin shi ne, Rouch larura ce ta fara koya masa, mutanen Danmak kuwa zaɓi suka yi.

Saurayin da ke ɗaukar fim da wayarsa a Maraɗi ko Damagaram ya riga ya cika rabin dokokin nan ba tare da ya sani ba: kamara a hannu, hasken rana, gidan maƙwabta. Sauran rabin ne ke ba shi wuya. Sau da yawa za ka ga ya rufe maganar ƴan wasa da kiɗa, ko ya shigo da bindigar roba inda labari ya ƙare masa. Wuraren nan biyu su ne daidai inda Vinterberg ya hana kansa mafita.